Zuwa Keita kallon mai tsaron gida

Asubar fari muka tashi daga Allakaye, ni da ƙanwar maigidana, a bayan wata tsohuwar motar albasa. Ƙwallo muka tafi kallo. Ekip, wato ƙungiyar da ɗana na fari yake tsare wa gida, za ta buga wasanta na ƙarshe a Keita. In aka ci su, sun faɗa rukunin ƙasa, mai ekip ya ce daga nan ya daina ciyar da kowa. Shi kuma yaron ya faɗa wa babansa in sun faɗi zai tafi bida, neman kuɗi, Abijan kamar sa'o'insa, masu tafiya su daɗe.

Hanyar duwatsu ce jajaye, mota na hawa tana nishi. Daga kan tudu na hango fadamun albasa kore shar, hayaƙin girki kwance a kansu. Barci na ɗauka ta yana saki. A Garhanga muka tsaya aka ba mota ruwa, mu muka ci kopto, kwaɗon ganye. Mai sayarwa ta tsawwala, amma ƙulinta ya ji yaji, sai na yafe mata.

Da la'asar muka shiga fili. Ba ciyawa, yashi ne aka ja wa layi da toka. Ku da kuka san al'adarmu kun san ɗan fari: ba na faɗin sunansa, ba na zuba masa ido. Kakarsa ta yaye shi, a ɗakinta ya girma. Sai ga ni cikin taro, kowa na kiran sunan da ƙarfi, ni kaina a ƙasa. Inuwarsa na riƙa bi a kan yashi, tana tsayi rana na sunkuyawa, ta yi dama, ta yi hagu.

Wata mai fura, 'yar Keita, ta riƙa yi masa tsiya, wai ƙafafunsa kamar karan dawa. Ta tambaye ni ko na san ɗan wa ne. Na ce ɗan garinmu ne. Ƙanwar maigida ta toshe baki da gyale.

Har kusan tashi ba wanda ya ci, kuma kunnen doki ya ishe mu. Sai arbit, alƙalin wasa, ya busa fenariti a kanmu. Fili ya yi tsit har ina jin kukan balbela daga tabki. Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. Na ga ɗana, hannuwa a buɗe, leɓen ƙasa a cije. Haka mahaifina yake yi in yana duban hadari. Duk shekarun nan fuskar nan tana gidana.

Aka buga. Yaron ya faɗi dama, ƙwallo ta tafi hagu, ta bugi ƙarfe ta fita. Bai ko taɓa ta ba, amma da aka tashi kunnen doki aka ɗauke shi a kafaɗa.

Da taro ya ragu ya zo ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, kin zo?"

"Na raka gwaggonka ne. Ka ci abinci?"

Ya ce zai ci. Ya ce kuma a faɗa wa Baba a bar masa gonar tudu, bana da shi za a yi shuka.

Washegari muka dawo. Ƙa'idar ƙwallo har yau ban gane ta ba. Abin da na koyo shi ne kallo ɗaya bai rage mini kunya da komai ba. Yanzu in ya wuce tsakar gida nakan saci kallonsa, shi kuma yana yi kamar bai gani ba.