Gayya Bayan Zaɓe

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na fita, amma na san ciyawa ba ruwanta da jam'iyya.

Shekarar da aka yi zaɓen kansiloli, ƙauyenmu ya rabe biyu. Na dangwala wa wanda na ga dama, ban ɓoye ba, kuma ya sha ƙasa. Da damina ta faɗi aka ce takin gwamnati zai zo, ana rubuta sunaye a zauren shugaban jam'iyyar da ta ci. Nawa bai shiga ba. Ban yi mamaki ba, ban kuma je roƙo ba.

Abin da ya dame ni gerona ne. Ruwa ya yi ta zuba, ni kuma bayana ya riƙe, na yi sati biyu a kan tabarma. Da na miƙe na je gona, ciyawar harkiya ta kamo gero a tsawo. 'Ya'yana maza suna birni wajen aikin gini. In ba a yi noman firi cikin 'yan kwanaki ba, gonar ta tafi, kuma ita ce tuwonmu na shekara.

Sai na kira gayya. Na sayo goro a kasuwar Tsanyawa, na bi gida-gida na raba, yadda mahaifina yake yi. Shekara ashirin, ba wanda ya kira gayya a garin nan ban je masa da fartanyata ba. Kowa ya karɓi goro, kowa ya ce Allah ya kai mu.

Ranar, mai ɗakina ta dama fura ƙwarya uku, ta yi dambun mutum ashirin. Mutum uku suka zo: tsofaffi biyu da ladaninmu. Ladan ne ya gaya mini an aika gida-gida cewa duk wanda aka gani a gonata za a cire sunansa daga taki.

Muka yi abin da ya samu zuwa azahar. Dambu ya ragu tuli. Mai ɗakina ta ce a shanya wa kaji. Na ce a'a, abincin 'yan gayya ne, masu shi za a kai wa. Na ɗauka da kaina, ƙofa-ƙofa, in yi sallama in ajiye. Wasu ina jin tarinsu a ciki, suka sa aka ce ba sa nan.

Wanda ya fi ƙona mini rai taubashina ne, ɗan kawuna. Tare aka yi mana kaciya, kuma gonarsa da tawa gamba ce kawai ta raba. Bayan kwana biyu shi ma ya yi tasa gayyar, bai aiko mini da goro ba. Na saɓa fartanya, na tsallake gambar, na kama kunya a tsakiyar mutane.

Taubashina ya hango ni. Ya matso yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kai taubashi, wa ya kira ka?"

"Sai an kira ni gonar kawuna?"

"Za ka ja mini. Buhu biyu fa aka rubuta mini."

"To ka ce musu bawanka ne ya zo aiki. Ba kullum kana cewa ɗan mace bawa ne ba?"

Wani ya tuntsire da dariya, ya kuma haɗiye ta. Na gama kunyata, na kama wata, har aka tashi. Na sha furarsa ludayi uku, don haƙƙina ce.

Washegari da sassafe na je gonata, na hango mutum a can ƙarshe, bayan ɗorawa, inda ba a gani daga hanya, a sunkuye yana noma. Shi ne.

Na ce, "Yau na kama ɓarawon ciyawa."

"Rufa mini baki, tsohon banza, kada a ji."

"Ni da rana tsaka na je maka, a gaban kowa. In noman ɓoye za ka yi mini, ɗauki fartanyarka ka tafi gida. In za ka yi, ga bakin hanya can."

Wallahi ina faɗa ina kallon ciyawar nan, don ina bukatar hannunsa. Ya daɗe a tsaye yana sharce gumi. Ya zage ni tas. Sannan ya saɓa fartanya ya nufi bakin hanya, inda 'yan babur ke wucewa kasuwa, ya sunkuya.

Kafin Juma'a an cire sunansa.

Ni da shi da ladan muka yi kwana huɗu muna firi. Gefen yamma ba mu cim masa ba, ciyawa ta cinye. Sauran muka bi shi da kashin awaki da toka, nawa da nasa, a kan jaki. Geronmu bai kai na masu buhu ba, amma ya kai mu bazara.

Bana ma na sayo goro, kuma ba gidan da zan tsallake.