Notin da ya tsare mana hanya

Ranar Laraba, tara ga watan nan, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma.

Kawu, aikinka na albashi koyarwa ne, amma a unguwa Likitan Noti ake ce maka. Tsohuwar motarka ba ta taɓa kwana a gareji ba. Duk Asabar kana ƙarƙashinta a tsakar gida, ƙafafunka kaɗai ake gani. Wanda duk notin motarsa ya sule, sifana ta ƙi kama shi, ƙofarka yake nufa, kuma ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Sai dai ya sha tsiya kafin ka taimaka masa.

Da ciwo ya ci ƙarfinka, buri ɗaya ya rage maka: ka ga yayarka, Innata, wadda idonta ya tafi, ƙafa kuma ta hana ta fita. Hanyar garinsu duk ramuka ce, likita kuma ya ce jikinka ba zai ɗauki jijjiga ba. Ga shokazoban gaban motar ya mutu, ko tsakuwa ta taka sai mutum ya ji a haƙarƙarinsa. Na ce mu ɗauki haya, ka harare ni. A motarka za ka je.

Na sayo sabo, na ɗaga motar da jak, na cire taya. Komai ya kwance sai noti ɗaya na ƙasa da tsatsa ta cinye. Na danna da ƙarfina, sifana ta zame, kusurwoyin notin suka shafe ƙal. Na zauna a ƙasa, wallahi har hawaye ya zo mini, don na san kwanakinka ba su da yawa.

Sai ka sa aka fito da kai kan kujera bakin ƙofar ɗaki, da bargo a kafaɗa.

"Kai, ɗan nan, dambe kake da shi ne? Zuba masa mai, ka bar shi ya sha."

Da ya jiƙa, ka sa na ƙwanƙwasa gefensa da guduma a hankali. Ka ce in ɗauko magagari in goge masa fuska biyu, ɗaya na kallon ɗaya, har ƙaramar sifana ta zauna daram. Hannuwanka na kan bargo, suna bin nawa.

"Yanzu ɗaure shi kaɗan tukuna."

"In ɗaure, Kawu?"

"Ɗaure na ce. Sai ya motsa gaba zai yarda ya koma baya."

Na ɗaure, na ji ƙas! Na juya baya, noti ya biyo hannuna. Matarka ta rangaɗa guɗa daga ɗakin girki, kai kuwa ka yi dariyar da rabonmu da jin ta tun kafin ka kwanta.

Na ɗaura sabon shokazoba, washegari muka kama hanya. Motar ta bi ramukan nan lafiya lau, har barci ka yi. Inna ta shafa fuskarka da tafukanta biyu, ta ce ka rame. Ka ce mata ita ma ba ƙiba ta yi ba. Kuka wuni hannu cikin hannu, kuna ambaton iyayenku, kuka yafe wa juna. Mako bai zagayo ba ka rasu.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka hisabi kamar yadda ka sauƙaƙa wa mutane lamuransu. Ina yi wa matarka da 'ya'yanka ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ke kuma Inna, ki share hawayenki. Ƙanenki bai tafi ba sai da ya zo ya yi miki sallama.