Na Ji Nauyin Gyara wa Malam Tsayuwa

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne mai ji da kansa, watana bakwai da kama aiki a ɗakin hoto na wani asibitin kuɗi a Gwarzo. Ni nake ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi, kuma wallahi na iya aikina. Injinmu sabo ne, yana da fitila mai zana haske a bayan mutum, da layi biyu da suka gitta juna a tsakiya. In layin ya sauka kan ƙashin baya, hasken kuma ya ɗan haura kafaɗu, huhu zai fito gaba ɗaya. In ya karkace, wani sashe ya ɓace ke nan. Shi ya sa kowa ya shigo sai ya tuɓe riga, in manna ƙirjinsa da farantin injin, in ɗaga masa haɓa, in turo kafaɗunsa gaba. Har faɗa nake yi wa masu motsi.

Wata Talata da hantsi aka shigo da wani dattijo daga Garo, babban ɗansa yana riƙe da shi. Ina ɗaga kai na gane shi. Malaminmu ne na makarantar allo, wanda na sauke Alƙur'ani a gabansa. Na durƙusa har ƙasa muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, tari yana katse shi. Ɗan ya ce wata biyu ke nan ana fama, ga rama, shi ne likita ya turo su.

To a nan na tafka ta. Da wane baki zan ce wa Malam ya tuɓe? Da wane hannu zan kama haɓar mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba? Sai na ce ba sai ya cire komai ba. Ya tsaya da rawaninsa, babbar riga naɗe a kafaɗa, a ɗan sunkuye, jikinsa ya karkata. Na kunna fitila, na ga layin ya zame daga tsakiya, ban ma san inda kafaɗarsa ta ƙare a cikin tulin yadin nan ba. Hannuna ya tashi zai gyara, na mayar da shi. Na koma bayan gilashi, na roƙe shi ya ja numfashi ya riƙe, na danna maɓallin ɗaukar hoton.

Nan take hoton ya fito a kwamfuta, na ga saman huhun dama ya yanke. Minti biyu ya isa a sake. Amma ina juyowa na tarar har ya zauna yana haki, ya ɗaga hannu yana sa mini albarka. Na kasa cewa ya tashi. Na yaudari kaina da cewa ai mafi yawa ya fito. Likita kuwa ranar jama'a sun yi masa yawa, ya duba ya ce bai ga abin tsoro ba, ya rubuta maganin tari.

Bayan wata biyar Malam ya fara tarin jini. Aka kai shi Kano, wata ma'aikaciya da ba ta san ko shi wane ne ba, ita ta sa ya tuɓe, ta daidaita shi yadda ya kamata. Ashe tarin tibi ne, ya cinye saman huhun dama, daidai wurin da na yanke. Cutar da ake warkewa sarai in an gano ta da wuri! An fara magani, amma jiki ya riga ya ƙare.

Na je dubiya Garo, na same shi kwance a zaure. Ya riƙe hannuna yana gaya wa jama'a cewa ni ɗan albarka ne, wai a Kano sun tuɓe shi sun jujjuya shi kamar buhu, amma ni ko rawaninsa ban bari ya cire ba. Kowa yana ta cewa madalla. Na sunkuyar da kai hawaye yana zuba, suka ɗauka tausayi ne. Ban iya gaya masa ba, bayan mako biyu ya rasu.

Na sani kwana in ya ƙare ya ƙare, amma wannan bai taɓa sanyaya mini zuciya ba. Abin da yake ci mini rai shi ne, ina yaro, in na karkace a gaban allo, Malam da hannunsa yake kama kaina ya daidaita, ya matse yatsuna a kan alƙalami har in yi kuka. Bai taɓa jin nauyin gyara ni ba. Ni kuwa sau ɗaya tak ya buƙaci in gyara shi, na bar shi a karkace na kira abin ladabi.

Don haka ina kira ga abokan aikina: ko mahaifinka ne ya tsaya gaban injin nan, nemi afuwarsa ka kama kafaɗarsa ka daidaita, in hoto ya yanke ka sake. Ku kuma masu kai iyaye asibiti, kada ku ɓata rai don an ce dattijo ya tuɓe. Gara ya fita yana mitar rashin kunyarmu mu ma'aikata da ya fita yana sa albarka irin wadda Malam ya sa mini.