Malam Haliru, Mai Zane da Ledar Juji

Da an sallame sallar asuba za ka ga Malam Haliru da buhu a kafaɗa, yana bin magudanun ruwan Bodinga yana tsintar leda da robobin lemo. Shekara ashirin da uku ke nan yana haka. Da farko wasu sun ɗauka ya taɓu. Malamin zane a firamare, me zai kai shi juji?

Saniyar Inno Dije ce ta kai shi, wata dattijuwa mai sayar da nono a Lambara. Saniyar ta yi ta ramewa har aka yanka ta, mahauta suka ciro dunƙulen leda mai girman tulu daga tumbinta. Haliru yana tsaye a wurin. Inno ta dube shi ta ce, "Malam, ita ɗai gare ni. Dubi abin da yac cinye min ita."

Ya roƙi dunƙulen, ya wanke shi, ya ɗora a kan ginshiƙin ƙasa a bakin kasuwa. Ya rubuta da ajami da boko: "Daga cikin saniya guda." Ranar kasuwa makiyaya suka yi cirko-cirko suna kallo, wani tsoho ya sunkuya ya fara tsince ledar da ke gabansa.

Daga nan hannunsa bai huta ba. Shi ya haɗa ƙatuwar albasar nan ta robobi da ke mashigar Danchadi, wadda ta fi mutum tsawo. Rumfar da matafiya ke fakewa a tashar Shagari ma shi ya saƙa ta, da igiyar leda kala-kala. Bai taɓa sassaƙa mai rai ba, shi ya sa malamai suka sa masa albarka.

Malam, kai ne ka sa muka ji kunyar yar da leda ba tare da ka zagi kowa ba. Gwani mai sanyin hali! Yanzu hannunka yana rawa, ka miƙa saƙar ga ɗalibarka Malama Zuwaira da sauran matan da ka koya wa, amma ka ce tsintar kam sai ƙafa ta ƙi.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma, duk wanda ya gamu da kai gobe da safe, kada ya tsaya a gaisuwa. Ya karɓi buhun.