Taurarin Auta a Shagon Gyaran Firiji

Auta ce ta bakwai a gidan, kuma tun da bakinta ya buɗe ba wanda ya huta. Me ya sa wata yake bin mutum? Ina rana take kwana? Mama ta tura ta wajen Baba, Baba ya tura ta wajen Yaya, babban wanta mai gyaran firiji. Shi ma ba amsar gare shi ba, sai ya sayo mata littafi a samu lafiya.

Da haka da haka har ta kai shekarar ƙarshe a jami'a. Aikin da malaminta ya ba ta, wai ta sa kwamfuta ta kwaikwayi farkon duniya: yadda komai ya fara a dunƙule da zafi, ya bazu, ya huce, har taurari suka haɗu.

"Auta, ki ji tsoron Allah," in ji Mama. "Duniya za ki halitta?"

"Haba Mama, wa ya isa? Ikonsa kawai nake leƙawa."

Ita za ta zuba lissafi, kwamfutar ta yi ta juya shi kwana shida ba tsayawa. In ta tsaya, an koma farko. Saura kwana goma ta nuna wa malamai, in kuma babu, sai baɗi. Wutar gida ba tabbas, don haka ta kai tsohuwar kwamfutarta shagon Yaya inda akwai sola, ta ɗora ta kan wani mataccen firiji.

Rana ta uku ta dawo daga makaranta, ta tarar da gilashin kwamfutar baƙi ƙirin.

"Yaya, wa ya kashe?"

"Ni mana. Ki gode min, yarinya. Kuka take, jikinta zafi rau kamar dutsen guga. Inji in ya yi haka kashe shi ake ya huce."

Auta ta zauna kan tukunyar gas tana lissafi da yatsu, hawaye na zuba. Saura bakwai, aikin na cin shida, in ma zafin bai kashe kwamfutar da kansa ba.

Da ta yi masa bayani, Yaya ya gane ɓarnar da ya yi. Ya sallami masu jiran gyara, ya kwance bayan kwamfutar, ya zaƙulo dattin da ya toshe fankarta, dunƙule guda. Ya ciro fanka daga wata firiza, ya haɗa 'yan ƙarafa ya ɗaura ta a ƙasa. Sannan ya samu kwali ya rubuta, KADA KOWA YA TAƁA, HAR NI.

Auta ta sake kunnawa da bismillah.

Kullum da safe telan da ke maƙwabtaka da su sai ya leƙo. "Mai firiji, yau ina duniya ta kai?"

"Tana hucewa. Kai dai matsa, kana tare mata iska."

Rana ta shida da la'asar ta gama. Auta ta kira kowa, har Mama ta yafo mayafi ta zo. Da farko hazo ne kawai. Can sai hazon ya fara tattaruwa kamar zare, ɗigon haske na kunnuwa a jikinsa ɗaya bayan ɗaya, har suka cika gilashin. Mama ta dafe ƙirji tana ta kabbara. Tela ya ce a maimaita, aka maimaita masa sau uku.

Washegari Auta ta ɗauki kayanta ta tafi wajen malamai. Wajen azahar ta shigo shagon da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

"Yaya! Sun karɓa! Na fita!"

Kansa na cikin firizar wani, ya ɗago da sauri har ya ƙume da murfin. Ya riƙe ƙeya yana dariya, yana alhamdulillahi ba adadi.

"Allah ya saka maka, Yaya."

"Ni da na kashe miki duniya? Ke dai wuce mu je a faɗa wa Baba, kafin tela ya riga mu."