Bindiga Mai Nauyi Da Zakaran Jego

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Alƙahira, har sunan layin da muka zauna a unguwar Hayyin Ashir ya ɓace mini, amma ranar da na ɗaga bindiga a saman bene tana nan daram a zuciyata, kuma na san da ita za a binne ni.

Zaman jego ya kai ni. Ɗana yana karatun addini a can, matarsa ta haihu, mahaifiyarta kuma ciwon ƙafa ya hana ta tafiya. Da na je yi mata sallama ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, kada yarinyar nan ta tashi daga jego a rame." Na ce mata in dai ina numfashi, za ta ci kaza irin ta gida, ta sha romo da yaji har ta yi ƙiba. Ni kuwa in na faɗi magana ba na janyewa. A unguwarmu an san ni da haka, yara ma in sun hango ni sai su canja hanya.

Da na isa na tarar kajin da suke ci daga firji ake ciro su, farare fat, ba a san ranar da aka yanka su ba. Na ce wannan ba zai shiga cikin maijego ba. Na sa ɗana ya sayo mini kajin gida masu rai, da zakara ja guda ɗaya mai kyan gaske, wanda na keɓe don ranar arba'in. Bawwab, wato mai tsaron gidan, ya yarda in ajiye su a saman bene, gefen tankunan ruwa.

Ba a daɗe ba kaji suka fara raguwa. Ashe akwai wata dabba da mutanen can ke kira irsa, siririya kamar tunku amma ba ta kai shi girma ba. Ba ta jin tsoron mutum. Takan kama kaza a wuya ta bar maka gawa. Da ta kashe mini ta uku, na ce wa ɗana bindiga nake so.

Ya ce, "Inna, nan ba gida ba ne. Mu baƙi ne. Bari in sa a yi wa akurkin raga."

Na ce, "Ni 'yar maharbi ce. Ba a tsoratar da ni da ɓera mai dogon jiki."

Gaskiya ne mahaifina maharbi ne, adakarsa ta yi suna har ƙauyukan da ke kewaye da mu. Abin da ban gaya wa ɗana ba, domin ban ma gaya wa kaina ba, shi ne aikina a farauta bai wuce riƙe jakar albarushi in ya dawo ba. Ban taɓa jan kunama ba. Amma da yake na girma ina kallo, sai na ɗauka ilimin ya shige ni ta ido.

Na matsa masa har ya gaji. Ya ce bindigar gaske kam ba zancenta, sai dai ta iska, wadda a lokacin ake sayarwa a shagunan kayan farauta da kamun kifi. Muka shiga jirgin ƙasan nan na ƙarƙashin ƙasa zuwa Wustul Balad, wato tsakiyar birni, ina riƙe da rigarsa kamar makauniya, amma ina ba shi umarni.

Mai shagon dattijo ne mai tabarau. Ya shimfiɗa mana uku a kan tebur. Ta farko da na ji kuɗinta na ce ya mayar, ba yaƙi za ni ba. Ta biyu baƙa ce, ba ado, ba nauyi, kuɗinta daidai aljihun ɗalibi. Ya ce, ɗana yana fassara mini, wannan ita yake ba wa mai ƙaramin ƙarfi, ba ta da kyau a ido amma inda ka nuna nan take zuwa. Ta ukun tsohuwa ce, an yi amfani da ita, ƙotarta jan itace da ƙusoshin tagulla, ta fi duka arha. Ina ɗaga ta na ji nauyi ya sauka a hannuna, na ce to, ga bindiga.

Na yi mata irin gwajin da na ga Baba yana yi. Na auna ta a tafin hannu. Na ƙwanƙwasa bututun da zobena na kasa kunne. Na sunsuna bakinta, ko da yake har yau ban san abin da nake nema ba a bindigar da ba ta cin albarushi. Dattijon yana kallona ta saman tabarau. Ya yi magana, ɗana ya ce, "Inna, wai ya ce wannan tana ja hagu. Wai ga kwali can a bayan shago, ki harba kowacce ki gani da idonki."

Na ce, "Gaya masa na san 'yan kasuwa. So yake in ɗauki mai tsada. Kuma ni ba zan tsaya harbi a gaban maza ba kamar wata 'yar wasa."

Dattijon ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Tamam, ya Hajja," wato to shi ke nan, Hajiya. Na taya ta har sai da ɗana ya ji kunya ya fita waje. Na dawo gida da ita a naɗe cikin zane, ina jin na cuci Bamisire a garinsu.

Kashegari da hantsi, bayan ɗana ya tafi makaranta, na hau sama. Shi ya ɗura mini ita kafin ya fita, bisa sharaɗin zan jira shi. Harsashin ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar dawa, guda ɗaya tak. Na raina shi ƙwarai, don Baba cika adaka yake da gutsattsarin ƙarfe, in ya harba su watsu, wani dai ya samu nama. Na zauna a kan bokiti, na yi tsit. Can sai ga irsa, ta fito daga bayan tanki, ta tsaya da ƙafa biyu tana kallona. Zakarana yana can hagu da ita, da tazara mai yawa, yana tonon banza a kan siminti.

Sai na yi yadda na ga maharban garinmu suna yi. Su ba sa kai adaka kusa da fuska, don takan fashe. Miƙa hannu suke su kau da kai. Na miƙa hannuna, na kau da kai, na rufe ido, na yi bisimilla na ja.

Ƙarar ma ba ta kai ƙarar tafi ba. Da na buɗe ido irsa tana nan inda take, ko gezau. Zakarana ne a ƙasa yana shure-shure.

Nan fa hankalina ya tashi. In ya mutu haka ya zama mushe, alƙawarina na arba'in ya tafi kwandon shara. Ga shi a garinmu mace ba ta yanka, tun da nake ban taɓa gani ba. Na sunkuci zakara na gangaro ina kiran bawwab da Hausa, ina ce masa, "Malam! Wuƙa!" Ba ya nan, ya tafi aike. Matarsa ce ta leƙo daga ɗakinsu na ƙarƙashin matakala, hannunta duk kumfa. Ta dubi zakara, ta dube ni, ta dubi bindigar da har lokacin take maƙale a hammatata. Ta ɗauko wuƙar girki, ta taka fikafikansa, ta ambaci sunan Allah ta yanka, ta miƙo mini ta ce, "Khalas. Ma'alish, ya Hajja," wato an gama, in yi haƙuri. Ta koma wankinta.

Na hau da shi ina tunanin ko ya halatta. Surukata tana zaune tana shayarwa, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba a gabana, amma na ga kafaɗunta suna rawa. Na ce, "Mene ne?" Ta ce, "Ba komai, Inna. Sannu da farauta."

Da ɗana ya dawo na tare shi da tambaya tun kafin ya cire takalmi, don kada ya riga ni magana. Na ce yankan mace fa? Ya ce halal ne, malamai ba su hana ba, al'adarmu ce kawai. Sai ya dubi tukunya ya ce, "Amma Inna, ba wannan ne na arba'in ba?"

Na ce, "Na matso da arba'in ɗin."

Aka ci shi a ranar, romonsa ya yi daɗi, ban iya kai loma bakina ba. Da yamma ɗana ya kira mai walda ya yi wa akurkin raga, a kan kuɗin da bai kai rabin na bindigar ba. Daga ranar ba a sake taɓa mini kaza ba. Sauran suka kai mu har ƙarshen jego, yarinyar ta koma gida hutu da kumatu, mahaifiyarta ta yi ta sa mini albarka. Ba wanda ya ba ta labarin zakara, sai ni da bakina, bayan shekaru.

Bindigar kuwa mun mayar. Dattijon ya karɓa, ya ɗauke ta ya nufi kwalin nan ya harba, ya nuna mini inda ta huda, can gefen hagu, kusan a bango.

Abin da na koya shi ne, arha ba laifi ba ce, mai arha mai kyau tana nan a kan teburin, ni ce na tsallake ta don ba ta yi kama da ta ubana ba. Yanzu ko tocila zan saya sai an kunna mini na gani, ko a gaban maza nawa ne. Kuma in jikokina suka ce kakarsu 'yar maharbi ce, nakan ce musu haka ne, amma duk rayuwarta dabba ɗaya ta taɓa harbi, ita ma da kuɗin ɗanta aka saye ta.