Ruwan da Ya Matse Zuciyar Baba Garba

Ban taɓa mantawa da ranar da wani mahauci ya kama ni da ƙarya a gaban likita ba. Ku sababbin shiga aikin jinya ku buɗe kunne, don na ji ku ma kuna yin irinta.

Lokacin dogon yajin aikin nan ne na rigimar dimokuraɗiyya. Ina majo a wani asibiti a Sokodé, wato babban ma'aikacin jinya na ɗakin maza. Rabin ma'aikata sun zauna gida, direbobi kuma ba mai yarda ya wuce Sotouboua, a hanyar Lomé. Da hantsi aka sauke mana Baba Garba, mahauci daga Dapaong, asalinsa mutumin Nijar. Lomé 'yan'uwansa suka nufa da shi, hanya ta ƙi. Yana zaune ya duƙa gaba, numfashi sama-sama, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Likitarmu 'yar kudu ce, ba ta jin Hausa, ni ne tafinta. Ta saurari ƙirjinsa, ta duba hoto, ta ce ruwa ne ya taru a jakar da zuciya take ciki, ya matse ta. Dole a zuƙe shi da doguwar allura yau, in ba haka ba zuciyar za ta tsaya. Sannan ta jero abin da kan iya biyo baya, tana lanƙwasa yatsu: allurar kan huda zuciyar kanta, ko huhu, ko hanta, bugun kan rikice, wurin kan yi mugunya, ruwan kuma kan dawo. Ta ce in faɗa masa.

To, mu a zango, unguwar masu jin Hausa, ba a gaya wa marar lafiya irin wannan. Ko mutum na shirin cikawa, "da sauƙi" ake ce masa. Sai na gyara murya na ce, "Baba, 'yar allura ce, kamar cizon sauro."

Ya dube ni, ya dubi likita. Da ƙyar magana ke fita, amma ta fita.

"Ɗana, lokotoro ta lanƙwasa yatsu shida. Kai ka ba ni sauro ɗaya. Ina sauran?"

Ya ce tunda an fara yi masa rufa-rufa, a mayar da shi Dapaong ya mutu a ɗakinsa. Wallahi kunya ta kama ni, tsoro ya bi bayanta, don na san ko Aouda da ke nan kusa aka nufa da shi ba lalle ya kai ba. Likita ta tambayi me ya ce, dole na tona kaina. Ba ta yi faɗa ba, agogo kawai ta nuna mini.

Na durƙusa na zayyana masa duka shidan. Abin mamaki, sai hankalinsa ya kwanta.

"Shekara arba'in ina fiɗa," in ji shi. "Na sha ganin saniyar da ta haɗiye ƙusa, jakar zuciyarta cike da ruwa. Ta ina allurar za ta shiga?"

Na taɓa ƙarƙashin ƙashin ƙirjinsa.

"Ka ce mata ta kwantar da allurar, ta nufi kafaɗar hagu. Hanta na nan kusa."

Da na fassara, likita ta yi dariya ta ce malaminta ma haka ya koya mata.

Muka jingine shi da matasai, muka wanke wurin, aka kashe zafi. Ba mu da na'urar da ke leƙa cikin jiki kamar yanzu. Waya muka maƙala wa allurar zuwa injin da ke zana bugun zuciya, in ta taɓa naman zuciya zanen zai yi tsalle. Likita na turawa a hankali, ni ina riƙe da wuyan hannunsa. Da ta ja sirinji, abin da ya fito jawur ne. Na ce shi ke nan, mun huda zuciyar bawan Allah.

Likita ta tsiyaya shi a ƙaramin kwano ta tsaya tana kallo. Baba Garba ya leƙo.

"Majo, daina rawar jiki. Jinin yanka ba ya daɗewa sai ya yi guda. In wannan bai daskare ba, ba daga zuciya yake ba."

Muka jira, bai daskare ba. Aka ci gaba da zuƙewa kaɗan-kaɗan, don gaggawa ma tana da nata haɗarin. Kafin a gama, mutumin da ba ya iya haɗa numfashi biyu ya fara kushe naman Sokodé, wai mahautanmu ba su iya zaɓen dabba ba.

Tarin fuka ne ya jawo ruwan. Aka ɗora shi kan magani, da ya murmure ya koma Dapaong. Bayan sati uku sai ga shi a gaban motar shanu, ya sauko da ƙafarsa. Ya ce tun da ya ji numfashi ya fara gajarta ya ajiye wuƙa ya nemi mota, tunda an gaya masa ruwan kan dawo. Muka sake zuƙewa tun bai matse zuciyar ba.

Da ya yarda da maganata ta farko, da a gida zai zauna yana jiran sauƙi har ta Allah ta kasance. Tun daga ranar, in likita ya faɗi shida, shida nake faɗa, sannan in ƙara da "Allah ya ba da lafiya."